MinION: na'urar da ta karanta DNA a sararin samaniya, da abin da bazarar Yamai ke yi mata

Duk mai tallar MinION sai ya kawo maka sunan Kate Rubins, ƴar sama-jannatin Amurka. Hujjarsa a fili take: na'urar da ta yi aiki a tashar sararin samaniya, kilomita 400 bisa kawunanmu, ina za ta gagara a doron ƙasa? Maganar tana da daɗin ji, amma wanda zai fitar da kuɗin laburatuwar a Yamai ko Tawa ya kamata ya duba ta ta ɗaya gefen. Cikin tashar nan zafi yana wajen digiri 22 dare da rana, wuta ba ta yankewa, akwai firigo mai kai digiri 80 ƙasa da sifiri, kuma samfurin farko a shirye aka aiko shi daga ƙasa. Ɗakin gwaji a Yamai cikin watan Afrilu ya fi tashar wahalar da wannan na'ura, nesa ba kusa ba. MinION kaya ne mai kyau, kuma a ganinmu babu na'urar karanta DNA da ta fi ta dacewa da ƙasa irin Nijar. Sai dai na'urar ita ce mafi sauƙi a cikin abin da za a saya.

Ita Rubins ba matuƙiyar jirgi ba ce da aka koya wa riƙe pipet, bututun auna ɗigon ruwa na ɗakin gwaji. An haife ta ranar 14 ga Oktoba 1978, ta tashi a garin Napa na jihar Kalifoniya, ta gama digirin farko a jami'ar Kalifoniya ta San Diyego a 1999, ta yi digirin digirgir a Stanford. Tun tana ɗaliba take bin ƙwayoyin cuta masu kisa. Ta fara da ta ƙanjamau a cibiyar Salk, ta koma kan agana tare da masu binciken lafiya na sojan Amurka, daga nan ta riƙe ɗakin bincikenta a cibiyar Whitehead da ma'aikata 14, suna aiki kan dangin agana, Ebola, Marburg da Lassa. Aikin ya kai ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda ƙyandar biri ke da gindin zama. Hukumar NASA ta ɗauke ta a 2009. Ta tashi cikin kumbon Soyuz ranar 7 ga Yuli 2016, ta yi kwana 115 a sama, ta koma a ranar zagayowar haihuwarta a 2020 ta ƙara kwana 185. Jimla kwana 300 ke nan, da fita wajen tasha sau huɗu. Ta bar NASA a 2025.

A ƙarshen Agusta 2016 ta zama mutum na farko da ya karanta jerin haruffan DNA a sararin samaniya. A cikin wannan watan ne mutane da dabbobi suka fara mutuwa a yankin Cintabaradan na jihar Tawa, kuma sai da samfurin jini ya je cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar zazzaɓin Rift Valley ne. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu a ransa zai gane dalilin da ya sa ake son na'urar a gida.

Abin da aka gwada a sama, da abin da ba a gwada ba

Na'urar ta isa tashar cikin jirgin dakon kaya na SpaceX a watan Yuli. Abin da aka ba Rubins cakuɗen DNA ne na ɓera, na bakteriyar E. coli da na wata ƙwayar birus mai suna lambda, an riga an tace shi, an maƙala masa duk abin da ake maƙalawa, an daskarar. Nata ta narkar, ta zuba, ta kunna. A ƙasa, a birnin Houston na Amurka, wasu suna yin irin aikin da irin samfurin don a kwatanta. Abin da ake tsoro shi ne girgizar tashin roka da kumfar iska, domin inda babu nauyi kumfa ba ta tasowa sama ta fashe. Babu wanda ya hana aikin. An yi karatu tara cikin wata shida, sakamakon bai gaza na ƙasa ba.

Sai a 2017 wata ƴar sama-jannatin, Peggy Whitson, ta yi aikin tun daga tushe: ta ɗebo bakteriyar da ta tsiro daga jikin bangon tashar, ta fitar da DNA, ta yawaita shi da ƙaramin injin PCR, ta karanta, aka gane Staphylococcus ne iri biyu na fatar mutum. Tsakanin gwajin 2016 da na 2017 nan ne wahalar take, kuma nan ne ɗakin gwaji a Nijar zai zauna kullum. Babu mai aiko maka samfuri a shirye.

Yadda take

Nau'in MinION mai suna Mk1B bai kai giram 100 ba, bai fi ƙaramar salula girma ba, kuma daga wayar USB yake shan wuta. Kamfanin Oxford Nanopore na Ingila ne ke ƙera shi, ya fara raba shi ga masu gwaji a 2014. Ita na'urar kusan kwali ce mai murfi. Aikin yana cikin farantin da ake sakawa a cikinta, wanda ake saye daban kuma yake ƙarewa. A cikin farantin akwai tantani, a jikin tantanin an dasa kafofi 2,048 na furotin, an raba su ga layukan karatu 512. Ana tura ƴar wuta ta ratsa kafar, wani sinadari mai aikin inji yana jan zaren DNA ta ciki, haruffa 400 a daƙiƙa. Kowane rukunin haruffa yana rage wutar gwargwadon siffarsa, kamar yadda yatsa ke bambanta ƴaƴan carbi ko ido na rufe. Kwamfuta ce ke mayar da wannan hawa da saukar wuta zuwa A, C, G da T, haruffa huɗu na DNA, aikin da ake kira fassara.

Daga wannan tsari alherinta ya fito. Ba ta da madubi ko hasken leza da girgiza za ta karkatar, ba a buƙatar injiniya ya zo daga waje ya daidaita ta, alhali na'urar MiSeq ta kamfanin Illumina ta haura kilo 50 kuma ba a matsar da ita sakaka. Tana karanta zare komai tsawonsa, haruffa dubu goma ko dubu ɗari a jere, inda MiSeq ke tsayawa a 300 daga kowane gefe. Sakamako yana fitowa tun aikin na tafiya, ana iya tsayarwa bayan awa biyu idan abin da ake nema ya bayyana, ko a bar shi har awa 72. A Gini a 2015 masu bincike daga jami'ar Birmingham sun karanta samfurin Ebola 142 da ita, wani lokaci sakamako cikin kwana ɗaya. A asibitin Irrua na Najeriya a 2018 ita ta nuna cewa hauhawar Lassa ta shekarar daga ɓeraye take zubowa, ba sabuwar ƙwaya ba ce mai bi daga mutum zuwa mutum.

Maganar kuskuren karatu da aka daɗe ana yi mata gori da ita ta ragu ƙwarai. Farantin R10.4.1 da sinadaran zamani na 14 suna wuce kashi 99 cikin ɗari a karatu ɗaya idan an yi amfani da fassara mafi tsanani. Inda har yanzu take tuntuɓe shi ne harafi ɗaya da ya maimaitu da yawa a jere, kamar A tara ko goma: wutar ba ta canzawa, sai kwamfuta ta yi kirdadon adadin. Wanda ya ga harafi ya ɓace a irin wannan wuri kada ya yi saurin cewa ya gano sabon sauyi.

Kuɗi

An daɗe ana tallar kunshin farko a kan dalar Amurka 1,000, wato jika ɗari biyar da wani abu, kuma wannan adadi ne ya zauna a kan mutane. Farashin ya tashi tun tuni, kuma ko da bai tashi ba, ba a nan gizo ke saƙa ba. Faranti ɗaya ɗaruruwan daloli ne, kafin kuɗin jirgi da na duwan. Lissafin da ya kamata a yi na samfuri ɗaya ne. A ɗauka, don misali kawai, faranti ya iso Yamai a kan jika 500. Idan an zuba masa samfuri 24 kowanne ya ci kimanin jika 21. Idan uku aka zuba saboda gaggawa, kowanne ya ci kusan jika 167. Shi ya sa kunshin tambari, mai ba kowane samfuri alamarsa ta DNA don a haɗa 24 ko 96 a faranti ɗaya, ba kayan alatu ba ne.

Farantin yana da wurin ɗaukar su. Bakteriyar sanƙarau haruffanta wajen miliyan 2.2 ne. Guda 24, kowacce a karanta ta sau 100, ya kama biliyan 5 da ɗoriya. Kamfani yana ambaton kusan biliyan 50 a matsayin iyaka, amma wannan lissafin takarda ne. Mai hankali ya tsara aikinsa a kan biliyan 10, idan ya samu fiye ya gode Allah.

Sannan ga kayan da ba sa cikin kwalin kuma ba a yi sai da su: pipet masu kyau daga na mikrolita 2 zuwa na 1,000, injin PCR, ƙaramin injin juya kwalabe, na'urar Qubit ta auna yawan DNA, ƴan ƙwallayen maganaɗisu na tacewa da marikinsu, ruwa mai tsarki daga sinadaran da ke cin DNA, da barasar etanol. Mai amfani da kunshin ɗauri, ɗaya daga cikin hanyoyi biyu na shirya DNA kafin zubawa, zai ƙara da sinadaran wani kamfani daban, NEB, abin da mutane da yawa ba sa lura da shi sai kaya sun iso.

Sanyi, tun daga filin jirgi

Faranti yana zama tsakanin digiri 2 da 8. Ba ya shiga wurin daskarewa ko sau ɗaya, domin ƙanƙara tana yaga tantanin, kuma tantanin da ya yage ya tafi ke nan. Sinadarai kuwa digiri 20 ƙasa da sifiri suke so. Kaya iri biyu ne masu buƙata iri biyu, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne mai karɓar kwali ya ga an rubuta a ajiye da sanyi ya tura duka cikin firigo mai daskarewa. A cikin firigo na gida ma bangon baya yana yin ƙanƙara, don haka faranti ya zauna a tsakiya, cikin ledarsa, da ma'aunin zafi mai rubuta tarihi kusa da shi.

Faranti yana jure ƴan kwanaki a zafin ɗaki irin na Turai. Ɗakin ajiyar kaya a filin jirgi cikin watan Mayu wani abu ne daban. Takardun fitar da kaya su kammala tun kafin jirgin ya taso, kuma kada a yarda kaya su sauka ranar Juma'a da yamma. Ranar da suka iso, a saka kowane faranti a na'ura a yi masa gwajin kafofi, minti goma ne. Alkawarin kamfani kafa 800 masu rai ne, na tsawon mako 12, ga farantin da aka ajiye bisa ƙa'ida. Wanda ya bari sai ranar aiki ya duba, ya ga 400, ba shi da hujjar da zai nuna ko a hanya suka mutu ko a firigonsa.

Tace DNA

Abin da aka zuba shi na'urar ke karantawa, ba ta gyara komai. DNA da ya kakkarye gajeren karatu zai bayar, mai datti kuma toshe kafofi zai yi cikin awa kaɗan. Ma'aunin tsarki da ake nema a na'urar haske 1.8 ne a awon 260 bisa 280, da 2.0 zuwa 2.2 a awon 260 bisa 230. Idan na biyun ya faɗi, gishirin tacewa ko fenol ya biyo, a sake wankewa. Yawan DNA kuwa da Qubit ake auna shi, domin na'urar haske tana lissafa RNA da tarkace a ciki ta ba ka adadin da ya fi gaskiya yawa.

Hanya biyu ce. Kunshin ɗauri yana son mikrogiram 1 na DNA, yana cin fiye da awa ɗaya da wanki da yawa, amma shi ke ba da yawa da tsawo. Kunshin gaggawa yana yanka DNA ya maƙala masa alama a lokaci ɗaya, minti 2 a digiri 30, minti 2 a digiri 80, da DNA kaɗan. Ga ɗakin da bai saba ba, na gaggawa ya fi, don kowane wanki ƙofa ce ta asara.

Wankin da ƙwallayen maganaɗisu shi ne wurin da iskar Nijar ke shiga aikin kai tsaye. Bayan an wanke da etanol mai kashi 80, ana barin dunƙulen ya sha iska kamar daƙiƙa 30. Wannan adadi an rubuta shi ne a ƙasa mai laima. Cikin hunturu, da na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara busar da iskar, dunƙulen yana tashi daga baƙi mai sheƙi zuwa ruwan ƙasa mai tsagewa kafin ka sauya bakin pipet. Da ya tsage, dogon DNA ya manne ba ya sakuwa. Ido za a bi, ba agogo ba: da sheƙin ya fara dusashewa a zuba ruwan narkarwa. Idan kuma aka yi gaggawa etanol ya rage, zai kashe sinadaran mataki na gaba. Shi kansa etanol ɗin a haɗa shi ranar aiki, wanda ya kwana a kwalba a buɗe ya riga ya sha ruwa, kuma mai ruwa da yawa wanke DNA ɗin yake yi ya tafi da shi.

Akwai wani tarko a kunshin ɗauri. Ruwan wanki biyu ne a ciki masu kama da juna, LFB da SFB. Na farko yana zubar da duk guntun da bai kai haruffa 3,000 ba, na biyu yana riƙe kowa. Mai karanta birus ta guntaye masu haruffa 400, irin tsarin ARTIC da aka yi korona da shi, idan hannunsa ya ɗauko LFB, aikin kwana biyu ya bi bututun shara, kuma ba zai sani ba sai Qubit ta nuna masa babu komai.

Ga sanƙarau, wanda shi ne babban dalilin da zai sa a so na'urar a ƙasar da ta ga fiye da mutum 8,000 sun kamu a annobar nau'in C ta 2015, matsalar tana farawa tun a gadon majinyaci. Ruwan ƙashin baya cike yake da DNA na mutum, idan aka karanta shi kai tsaye yawancin farantin a kan majinyacin zai ƙare. Bakteriyar da aka shuka ta tsiro ita ce ke ba da cikakken karatu, ita kuwa ba ta son sanyi kuma ba ta daɗewa. Ruwan da za a shuka ba ya shiga firigo, kwalbar T-I, mai ruwan da ke riƙe bakteriyar da rai a hanya, ake zuba shi a aika da wuri. Idan an riga an yi wa majinyaci allurar seftiriyakzon, maganin kashe bakteriya, da wuya ta tsiro. Aiki da ita kuma sai cikin akwatin kariya, da ma'aikacin da ya yi rigakafi, har sai an kashe ta. Zazzaɓin Rift Valley ya fi haka tsanani, MinION ba ta rage ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan kariyarsa.

Zubawa

Nan ne mikrolita kaɗan ke raba riba da asara. Ana buɗe ƙofar share fage da ke jikin farantin, a saita babban pipet a 200, a sa bakinsa a ƙofar, a murɗa a hankali zuwa 220 ko 230, har ɗan ruwa ya shigo bakin. Manufar ita ce a janye ƴar iskar da ke ƙarƙashin murfin. Kada a ja fiye da mikrolita 30, domin idan ruwan ya janye daga kan tantanin, kafofin da iska ta taɓa sun mutu nan take. Sai a tura mikrolita 800 na ruwan share fage a hankali, a tsaya kafin ɗigon ƙarshe ya fita daga bakin pipet, don abin da ke bayan ɗigon ƙarshe iska ce. A jira minti 5. A ɗaga ƙaramin murfin SpotON, ƙofar da samfuri ke shiga, a ƙara 200 ta ƙofar farko. Sannan samfurin, mikrolita 75: 37.5 na ruwan karatu, 25.5 na ƙwallayen lodi, 12 na DNA. Ƙwallayen suna kwantawa da sauri, a gauraya su daf da zubawa. Ɗigo ɗaya ake sakewa a kan ƙofar SpotON, a bari ya shige, a saki na gaba. A rufe ƙofofin biyu, a ɗora marufin da ke kare farantin daga haske.

Kumfar da NASA ta ji tsoro ita ce dai ke kashe faranti a ƙasa. A allon MinKNOW, manhajar da ke tafiyar da na'urar, ana ganin ta sarai: wani yanki na layukan ya yi duhu gaba ɗaya, gefensa a zagaye. Sabon ma'aikaci ya koyi hannu a kan tsohon faranti da ruwa mai launi har sai hannun ya daina rawa. Wani abin kuma, ruwan da ya fito daga firigo da sanyinsa yana sakin ƴan kumfa idan ya ɗumama a cikin farantin, don haka a bar faranti da ruwan share fage su kai zafin ɗaki tukuna.

Zafi da wuta

Kafofin suna aiki a wajen digiri 35, kuma saurin zaren yana bin zafin. Mk1B tana iya ɗumama kanta, amma sanyayawa fanka kawai gare ta, an tsara ta ne don ɗaki mai digiri 18 zuwa 25. A ɗakin da ya kai 38 ba ta da dabara: ko manhajar ta tsaya tana jiran zafin ya sauka, ko saurin ya kauce ingancin karatu ya faɗi. Sabuwar Mk1D an ƙara mata sanyaya ta gaske, tana ɗaukar ɗaki daga digiri 10 zuwa 35. Mai saye yau a Nijar kada ya tsaya ciniki, ita zai ɗauka. Ko ita ɗin, Yamai da Tawa suna haura 40 a bazara, don haka na'urar sanyaya ɗaki tana cikin lissafi. Dabarar ɗora na'ura a kan ledar ƙanƙara tana fitar da mutum kunya na awa ɗaya ko biyu, amma raɓar da ke taruwa a kan ƙarfe da wayoyi ba abin wasa ba ce.

Wutar da na'urar ke sha kaɗan ce, batirin kwamfutar tafi-da-gidanka yana riƙe ta idan an ɗauke wuta. Abin da ke faɗuwa shi ne sanyin ɗaki da firigo. Tsarin da ke aiki shi ne ondilar ga kwamfuta, batiri da faifan hasken rana ko gurup ga firigo da na'urar sanyi, sannan a fara dogon karatu da yamma don awannin farko, waɗanda su ne mafi albarka, su faɗa cikin dare. Idan aikin ya yanke, abin da aka riga aka rubuta yana nan kuma ana iya sake kunnawa a kan farantin. A kashe barcin kwamfuta da sabunta kanta kafin a fara, wannan kaɗai ya kashe karatu da yawa a duniya.

Kwamfutar ita ce ɓoyayyen kuɗi na biyu. Ƙwaƙwalwa gigabait 16, ma'ajiya mai sauri ta terabait 1, da katin hoto na NVIDIA. Babu katin, fassarar da ta fi inganci za ta ɗauki kwanaki a kan abin da katin zai gama cikin awanni. Ɗanyen bayanin faranti ɗaya yana iya cin gigabait sama da 100, ba abin da za a tura ta intanet ɗin salula ba ne. A fassara a gida, a tura ƙaramin fayil. MinKNOW tana neman intanet lokacin kunnawa, kuma wanda zai yi aiki a daji sai ya nemi izinin aiki babu layi daga kamfanin tun yana gari.

Ana wanke faranti a sake amfani da shi. Kunshin wankin yana da sinadari mai cinye tsohon DNA cikin awa ɗaya, yana kuma buɗe wasu kafofin da suka toshe. Ba ya tayar da waɗanda suka mutu, kuma ba ya share tsohon samfuri ƙarƙaf. A karo na biyu a yi amfani da tambarin da ba a taɓa sa wa farantin ba, a kuma sa samfurin ruwa zalla a kowane aiki. Idan ruwa zalla ya fito da ƙwayar cuta, sakamakon ranar duka abin tuhuma ne.

Wa ya kamata ya saya

Ba na'urar duba majinyaci ba ce. Yawancin kayanta an rubuta musu na bincike ne kawai, kuma likitan da ke da yaro mai sanƙarau a gabansa ba zai jira ta ba. PCR da gwajin gaggawa suna gaya maka mene ne, na'urar GeneXpert tana gaya maka ko tarin fuka ne, da kuma ko yana jin maganin rifampisin. MinION tana amsa tambayar da ke bayan wannan: wane zuri'a ne, daga ina ya shigo, ɗaya ne da na gundumar maƙwabta, wane magani ya daina ji, rigakafin da ke hannu zai kama shi? Waɗannan tambayoyin cibiya ce ta ƙasa irin CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, da sassan bincike na jami'ar Abdu Mumuni, da masu kula da lafiyar dabbobi. Asibiti mai zaman kansa da ke son ya burge masu zuwa ya ajiye kuɗinsa.

Ga Tawa, mai nisan fiye da kilomita 500 daga Yamai, shawararmu ba a fara da na'urar ba. A fara da abin da zai sa samfuri ya iso da ransa ko a kashe shi lafiya a tace DNA a can: akwatin kariya, firigo mai batiri, kwalaben T-I da ba su ƙare wa'adi ba, da ma'aikaci biyu da suka iya. DNA da aka tace yana jure tafiyar mota fiye da faranti. Idan wannan ya zauna shekara guda, kawo MinION abu ne na mako ɗaya. A kuma horar da mai nazarin bayanan tare da mai riƙe pipet, domin fayil ɗin da babu mai buɗe shi bai amfani kowa ba, kuma wannan ma'aikacin ya fi faranti wuyar samu.

Oda kuma ta bi yanayi. Sanƙarau yana tashi da hunturu, ya yi ƙamari a bazara, ya lafa da saukar damina. Tunda alkawarin faranti mako 12 ne, sayen na shekara a lokaci ɗaya don a samu rangwame asara ce. A ƙulla cinikin gaba ɗaya, a nemi a aiko kashi biyu: na farko a Disamba, lokacin da hanya ke da sanyi, na biyu a farkon Maris, kafin zafin ya kai inda yake kaiwa.